Almakashin Maman Biyu

Shafi na 14

Masu bina da saƙo suna cewa na bar Maman Biyu a bakin titi da hijabin aro na tafi sabgogina, ku yi haƙuri, ga ta nan na ɗauko muku. Masu zaginta kuma ku sassauta. Na san wasunku, da ku ne a matsayinta da kun yi abin da ya fi nata.

Tun a cikin motar haya almakashin yake tokarinta a ƙugu. Babban almakashinta ne na yankan yadi, wanda ko 'yan biyunta ba ta yarda su taɓa. Ta naɗe shi a ƙyalle, ta soke a bakin zani, ta ɗaure tamau, sannan ta zumbula hijabin maƙwabciyarta a kai. Hijabin ya yi mata yawa har yana sharar ƙasa. Ta ƙara da takunkumi irin na masu mura, ido kawai ya rage a waje. A lissafinta ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba, balle Dogo.

Dogo shi ne mijin, mai gadin babbar ƙofar benen nan da jama'a suke tururuwar shiga, kantuna a ƙasa, ofisoshi da asibitin ido a sama. Shekara da shekaru yana tsaye da 'yar sandar nan mai kuka idan ta ji ƙarfe, yana bin jikin mutane da ita, ya dawo gida ƙafa a kumbure ta dafa ruwa ta gasa masa. A lokacin ko a mafarki ba ta taɓa kishin aikinsa ba. Wa zai yi kishin mutumin da yake wuni yana cewa a fito da makullai?

Sai aka kawo na'ura. Ginshiƙai biyu ne aka kafa a bakin ƙofa, mutum ya bi ta tsakaninsu ya wuce abinsa, ba tsayawa, ba zazzage aljihu. Idan da wuƙa ko bindiga a jikinsa, ita za ta nuna a allo. Aka karɓe sandar Dogo, aka ba shi kujera da allon. Kamfanin da ya kawo kayan kuma ya haɗo da wadda za ta zauna kusa da shi ta koya masa, har ya gama watannin gwaji a tabbatar masa da kujerar. Ita ce Injiniya.

Daga ranar gidan Maman Biyu ya koma gidan “Injiniya ta ce.” Injiniya ta ce fulas ɗin shayi yana rikita na'ura. Injiniya ta ce lema ma haka. Injiniya ta ce shi Dogo ido gare shi, da wuri yake ɗaukar abu. Duk wannan ta haɗiye. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne tabarau. Ta yi shekaru tana fama da shi ya je a duba idonsa, yana ce mata lafiyarsa ƙalau, ko zare ba ya iya zura mata a allura amma bakin nan bai mutu ba. Rana ɗaya Injiniya ta ga yana ƙanƙance ido a gaban allo, ta ce ya hau sama a duba shi. Washegari sai ga shi da tabarau a fuska, har yana tambayarta wai ya yi masa kyau.

Ana cikin haka wata mai kawo mata ɗinki ta zo ta ƙarasa ta. Ta rantse mata cewa irin wannan na'ura tuɓe mutum take yi a allo, tsirara haihuwar uwarsa, wai ƙanwar mijinta ta gani da idonta. Da Maman Biyu ta tare Dogo da zancen, dariya ya yi har ya ƙware. Da ta ce to za ta zo ta gani, sai ya ɗaure fuska ya ce wurin aiki ne, manaja yana sa ido, kuma babu mai matsowa kusa da allo sai wanda na'ura ta kama aka kira shi tebur. Da bakinsa ya ba ta dabarar bai sani ba.

To yau ga ta a layi.

Layin yana tafiya da sauri, ba kamar da ba. Daga inda take tana hango teburin ta cikin gilashi. Dogo da Injiniya suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Kofuna biyu a gabansu, iri ɗaya.

Ta zo da shirin ganin wata mai fenti a fuska da dogayen farce, irin wadda za ta kalla ta taɓe baki ta samu sauƙi. Sai ta tarar da siririyar mace, fuska ba ko hoda, ƙaramin mayafi, katin aiki a rataye a wuya. Ba ta yi kama da mai neman a kalle ta ba, kuma wannan ya fi ƙona wa Maman Biyu rai. Injiniya ta miƙa hannu ta saman kafaɗar Dogo ta taɓa allon, ta faɗi wata magana. Ya yi dariya, irin wadda yake jefa kai baya idan abu ya yi masa daɗi. Maman Biyu ta ɗauka a ɗakinta kaɗai ake yin wannan dariyar.

Wani dattijo mai ji da kansa ne a gabanta, direba yana biye da shi da jaka. Yana wucewa allon ya yi ɗan ƙara. Dogo ya miƙe cikin ladabi ya ce ya zo tebur. Dattijon ya hau faɗa, ya ce kafin a aza tubalin benen nan yake shigowa unguwar, ya ce zai kira manaja. Dogo ya ce ya kira, amma ya fara zuwa tebur. Ƙarshe 'yar wuƙar ɓare lemo aka samu a aljihunsa. Aka rataya mata lamba aka ajiye, aka ce ya karɓa idan zai fita. Ya wuce yana ƙunƙuni.

Injiniya ta ɗaga wa Dogo babban yatsa. Maman Biyu ta ja tsaki a cikin takunkumi.

Akwai abin da ba ta sani ba, ku kuma ya kamata ku sani. Da a jaka ta sako almakashin tare da zare da abin awo, da lamba kawai za a rataya masa kamar wuƙar dattijo, ta ce ita tela ce a wuce wurin. Amma ƙarfe mai kaifi a ɗaure a jiki, a ƙarƙashin kaya, ga fuska a rufe, wannan dokarsa daban. Mai allo yana danna jan maɓalli, ƙofofi za su kulle kansu, 'yan sandan bakin titi su shigo. Ita kuwa ta soke shi a ƙugu ne don ta tabbata na'urar ba ta yi kuskurensa ba.

Aka zo kanta. Ta yi bisimilla a zuci, ta tattare hijabi, ta shiga tsakanin ginshiƙan.

Allon ya yi ƙara.

Dogo ya duba allon, ya ɗago. Bai kalli fuskarta ba, ƙafafunta ya kalla. Duk shirin da ta yi ta manta da abu ɗaya. Shekarun da ta yi a kan keken ɗinki sun bar mata wata tafiya, ƙafar dama tana sauka da tsini kamar har yanzu tana taka keken. Shi ya fara lura da ita tun suna sababbin aure, ya daɗe yana tsokanarta a kai.

Ya mayar da kai ƙasa, ya danna wani abu.

Fitila ta kawo kore.

Ta tsinci kanta a cikin bene, tsaye a gaban wani kantin takalma, ba wanda ya kira ta tebur. Wai kuma haushi ne ya fara zuwar mata. Ashe ma na'urar banza ce, almakashi guda ya wuce ba ta gani ba. To zaman me suke yi su biyu tun safe har yamma, kai a haɗe? Ta juya ta harari teburin. Dogo bai waiwayo ba. Gumi ne yake bin bayan wuyansa yana shiga kwalar riga, alhali iskar wurin har sanyi take yi.

Sai ta ji an riƙe mata gwiwar hannu a hankali.

“Baiwar Allah, zo mu ɗan yi magana.”

Injiniya ce, da ƙaramin allo a ɗaya hannun. Dogo ya yunƙura zai tashi, ta ce masa ya zauna, layi ya yi tsawo. Ya koma ya zauna. Ko wannan sai da ya soki Maman Biyu. Ita sai ta faɗi magana sau uku kafin ya motsa.

Wani ɗan ɗaki ne a bayan teburin, inda ake duba mata. Tebur ɗaya, kujera biyu, madubi a bango. Matar da take aikin ta hau sama yin salla. Injiniya ta tura ƙofa, ta jingina da ita.

“Ciro shi.”

Maman Biyu ta maƙale murya ta ce ita ba ta san me ake nufi ba, asibitin ido ta zo.

“Ƙugunki na hagu. Ki ciro da kanki ya fi.”

Ba yadda ta iya. Ta juya baya, ta kwance bakin zani, ta zaro ƙunshin ta dangwarar a tebur. Ƙyallen ya warware, almakashin ya fito yana ƙyalli. Injiniya ta dube shi, ta sauke numfashi mai tsawo, ta ja kujera ta zauna.

“Sannu da zuwa, Maman Biyu.”

Maman Biyu ta tambaye ta wa ya ce mata ita ce.

Injiniya ta ce ba sai an gaya mata ba. Tunda ta zauna da Dogo ko cokali bai taɓa bari ya wuce ba a duba ba. Ya tsayar da manaja da kansa, ya tsayar da matar mai benen. Mutum irin wannan ya ga allo ya zana jan akwati a ƙugun mace ya danna kore, ai mace ɗaya ce a duniya. Ga shi kuma ya sha gaya mata matarsa tela ce.

“Au, har hirata kuke yi?”

“Yana yawan zancenki.”

“Ke kuma kina saurare.”

Tunda dai asiri ya tonu, sai Maman Biyu ta miƙe wuya ta ce abin da ya kawo ta ke nan, a nuna mata abin da suke kallo su biyu duk wuni.

Injiniya ta juyo mata da ƙaramin allon.

Hotonta ne. Ga ta nan cikin hijabin aro kamar buhu ya yi ƙafa, ga takunkumi, ga ɗan jan akwati a zane daidai ƙugunta. Iyakarsa ke nan.

Ta ce ina ɗaya hoton, na cikin.

Babu wani na ciki, in ji Injiniya. Na'urar ƙarfe take ji, siffarsa da nauyinsa, ba ruwanta da jikin mutum. Kyamara kuma ta ɗauki mutum yadda ya shigo da kayansa, don mai allo ya san wa zai tsayar. Ta goga yatsa ta nuna mata na dattijon, ta nuna mata na wata mai lema. Kowa da suturarsa.

Kunya ta lulluɓe Maman Biyu tun daga kai har ƙafa. Ta tsine wa mai kawo ɗinkin nan da ƙanwar mijinta a zuci. Amma ku da kuka san kishi kun san ba ya tafiya don an ƙaryata shi, wuri kawai yake sauyawa. Tsiraicin matan gari ya fita daga lissafi. Kofuna biyun nan suna nan.

Ta kai hannu za ta ɗauki almakashinta ta ce to ta gani, sai an jima.

“Ba ki gama gani ba,” in ji Injiniya. “Dubi ƙasan hoton.”

Wani ɗan rubutu ne, da lambar aikin Dogo a gefe. Injiniya ta yi mata bayani dalla-dalla, murya a kwance, kamar mai koyar da yara. Duk lokacin da na'ura ta zana jan akwati aka danna kore, hoton yana tafiya wurin manaja idan an tashi aiki. Yau zai buɗe ya ga mace fuska a rufe, da kaifi a ɗaure a jiki, mai gadi ya gani ya buɗe mata hanya. Ba zancen kujera ba ne kuma. Kora ce, kuma duk kamfanonin gadi suna jin labarin juna, babu mai sake ba shi ko ƙofar gareji. Idan manaja ya ga dama ma ya miƙa wa 'yan sanda, su tambaye shi nawa aka biya shi.

Sannan ta gaya mata abin da jan yake yi, da ƙofofin, da 'yan sandan.

“Ya san idan ya danna ja, a gaban jama'a za a kwantar da ke a ƙasa. Shi ya sa.”

Maman Biyu ta nemi kujera ta zauna. Wani ɓangare na zuciyarta, Allah ya yafe mata, daɗi ya ji. Ya zaɓe ta. A gaban Injiniyar tasa ya jefar da aikin saboda ita. Amma daɗin bai daɗe ba, ta tuna yadda ya dawo gida ranar da aka ba shi kujerar, yana ɗaga 'yan biyu sama ɗaya bayan ɗaya.

“Ki goge shi,” ta ce. Muryarta ta yi ƙasa.

“Ba ya goguwa. Don haka aka yi shi.”

“To ya za a yi?”

Injiniya ta juya katin wuyanta. Sannan ta ce hanya ɗaya ce. Kamfaninsu yakan turo mutum da ƙarfe a ɓoye lokaci-lokaci don a gwada na'ura, kuma ita take da ikon shirya wannan. Za ta iya cewa ita ta turo matar, ita ta ce wa Dogo ya danna kore don ta ga ko hoton zai isa sama. Maganarta kawai za a bi. Idan aka gano ƙarya ce, nata aikin ne zai tafi tare da nasa.

Maman Biyu ta zuba mata ido. A duniyar da ta sani, mace ba ta sa wuyanta a igiya saboda mijin wata haka kawai.

“Me ya sa za ki yi?”

“Saboda shi.”

“Saboda shi kamar yaya?”

“Na zauna da masu gadi da yawa. Irinsa ba a bari ya tafi.”

Ta faɗe ta ne a sake, ido cikin ido, ba murmushi ba ɗaure fuska. Maman Biyu ta juya maganar ta kowane gefe ta rasa inda za ta kama ta. Idan zancen aiki ne, ya zauna. Idan ɗaya zancen ne, shi ma ya zauna.

Injiniya ta naɗe almakashin a ƙyallensa ta tura mata. Ta ce ta saka a jaka ta fita ta ƙofar baya, ta koma gida ta kwantar da hankalinta.

“Ba sai kin sake tayar da zancen ba. Ni da shi za mu zauna mu daidaita abin da za mu faɗa idan an tambaya. Daga yau maganar tamu ce, ni da shi.”

Ni da shi.

Nan Maman Biyu ta ga abin da ta aikata. Ta fito gida tana tsoron ko akwai zare tsakaninsu, ta zo ta tarar babu, sai ta zauna ta ɗinka musu da hannunta. Daga gobe duk safiya zai zauna kusa da matar da ta cece shi. Duk abin da zai shigo da shi gida, da albarkacinta. Za su riƙa haɗa ido idan manaja ya wuce, su yi ƙasa da murya, su san abin da babu wanda ya sani. Idan ta ce masa zauna, dole ya zauna. Kuma ita Maman Biyu ba ta da bakin magana, don ita ce mahaukaciyar da aka rufa wa asiri.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dogo ne, ya samu wanda ya riƙe masa allon. Ya shigo ya mayar da ƙofar, ya cire tabarau ya goge fuska da hannun riga. Ta yi zaton zai hau ta da faɗa, har ta shirya amsa. Bai yi ba. Kallonta kawai ya yi, irin kallon da ake yi wa wanda aka yarda da shi ya ba da kunya.

“Me na yi miki, Maman Biyu?”

Tabarau za ta ce? Kofi? Dariya? Duk abin da ya hana ta barci makonni, yanzu da za ta faɗe shi a fili sai ya zama abin dariya. Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan takunkumin.

Injiniya ce ta shiga tsakani. Ta gaya masa abin da ta yanke, a taƙaice, ta ce kada ya damu, ya koma kan allo kafin a lura.

Dogo ya juya gare ta. Kafaɗunsa da suka ɗaure suka saki. Idonsa ya kawo ruwa, shi da ko ranar da aka binne mahaifinsa sai da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa sannan ya yi kuka. Ya haɗa hannuwa biyu a ƙirji, ya ɗan rusuna.

“Injiniya, ban san da bakin da zan gode miki ba. Har in mutu ba zan manta ba.”

Maman Biyu tana kallonsu ta madubin bango. Ta ga fuskarsa, ta ga yadda Injiniya ta sunkuyar da kai tana cewa ba komai. Shekarun aurensu kaf ba ta tuna ranar da ya kalle ta haka ba. Ya kalle ta da so, ya kalle ta da tausayi, amma wannan kallon na wanda aka tsamo daga rijiya ne, kuma ba ita aka yi wa ba.

Ta share ido. Ta cire takunkumin ta ajiye a tebur, ta miƙe.

“Ina ofishin manajan yake?”

Su biyun suka juyo.

Dogo ya ce me za ta yi a can. Ta ce za ta je ta gaya masa gaskiya, ita ce ta zo da almakashi, ita ce matarsa, kishi ne ya kawo ta, shi kuma ya rufa wa matarsa asiri ne. Idan mutumin yana da mata zai gane. Idan bai gane ba, shi ke nan.

“Ba zai gane ba,” in ji Dogo. “Na san shi. Kina hawa, aikin ya tafi.”

“Ya tafi. Ina da keke, ina da hannu. Za mu ci abin da ya samu.”

“Kin san abin da kike faɗa kuwa? Ga hanya an ba mu.”

“An ba ka dai. Ni ba za ka kwana a ɗakina da alherin wata mace rataye a wuyanka ba, Baban Biyu. Ba zan iya ba.”

Injiniya ba ta ce ta yi haƙuri ba, ba ta ce ta tsaya ba. Ta ɗauki allonta ta rungume a ƙirji, ta ce ofishin yana hawan ƙarshe, ƙofar da take kallon lif, na'urar hawa benen, kuma manaja yana ciki yanzu. Sai ta ƙara da cewa ita dai tayinta yana nan har a tashi aiki, amma ba Maman Biyu ta yi wa ba. Wanda aka yi wa shi zai ce ya karɓa ko ya bari.

Maman Biyu ta tattare hijabi ta nufi ƙofa. Dogo ya riga ta. Ya tsaya a bakin ƙofar, bayansa a jingine da ita, tsawon nan nasa ya cike wurin.

Ta ɗaga kai ta dube shi.

“Ɗazu ka buɗe mini hanya ban roƙe ka ba. Yanzu ina roƙonka. Ka matsa mu hau tare, ko ka tsaya ka karɓi nata.”

Ya dube ta. Ya dubi Injiniya ta saman kanta. A waje allon ya yi ƙara, wani yana kiran Dogo ya zo ya duba.

“Matsa mini, Baban Biyu.”

Dogo bai matsa ba.